Barkan da na yi saura maki talatin

Ba zan taɓa mantawa ba, wata ranar Juma'a ce a shekarata ta biyu ta karatu a Guangzhou, bakina ya kai wa mara lafiya albishir ɗin abin da bai faru ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abokin ɗakina a jami'a wani ɗan Pakistan ne, Tarik, yana karatun likita. Mutum ne shiru-shiru, sai dai in an taɓo zancen kurket. Ni kuwa ɗan ƙwallon ƙafa ne tun daga filin unguwarmu a Kano, kuma ina da wata cuta: in na san abu kaɗan, sai in ɗauka na gama da shi. Tarik ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Wasa ɗaya kwana biyar ake yi (har da tashi shan shayi, wallahi). Kowace ƙasa tana shiga bugu sau biyu. A shiga ta huɗu, wato ta ƙarshe, an riga an san makin da masu bugu za su cim ma. In sun kai, sun ci. In an fitar da mutum goma a cikinsu kafin su kai, an cinye su. Ya ce nan wuyar take, don zuwa kwana na biyar fili ya tsattsage, ƙwallo ta daina jin magana. Na gyaɗa kai kamar na gane. A raina kuwa cewa nake yi, wasa ai wasa ne, duk wanda ya ɗau zafi shi zai tafi da shi.

Mahaifin Tarik ne ya koya masa son wasan. A lokacin yana kwance a asibiti a garinsu da ciwon zuciya, likitoci sun hana shi rediyo don kada zumuɗi ya tayar masa da ciwon. Sai suka yi alkawari da ɗansa: Tarik zai kalla, in an jefa ƙwallon ƙarshe ya kira ya faɗa masa yadda aka tashi, ba kafin nan ba. Tarik ba shi da halin zuwa gida ana tsakiyar zangon karatu, don haka wannan kiran ne kaɗai abin da yake iya yi wa tsohon. Ni ma na san Baban, mun taɓa gaisawa ta wayata ranar Sallah, lambarsa tana nan ban goge ba.

Ranar ita ce ta biyar. Muna idar da salla a masallacin Huaisheng muka tari tasi zuwa unguwar Xiaobei, muka shiga wani ɗakin cin abinci a saman bene wanda mai shi ɗan garinsu Tarik ne, yana da tauraron ɗan'adam. Mutum wajen ashirin muka tarar. Ƙasarsu ce ke bin maki, kuma abin ya yi kyau. 'Yan bugu biyu sun kafe, ƙwallo sai fita fili take yi, abokan karawa sun yi laƙwas.

Abin da ya ɗaure mini kai, babu mai murna. Babu ma mai motsi. Wani dattijo shayinsa ya huce a gabansa bai taɓa ba. Wani kuma takalminsa ɗaya ya zame, ya bar shi a haka. Tarik ya matso ya raɗa mini, "Bhai, ɗan'uwa, inda ka zauna nan za ka tsaya. In wasa yana tafiya daidai ba a tashi, ba a kuma cewa komai." Na yi murmushi irin na wanda ya fi kowa ilimi. Na ce a raina, ji camfi, mutane yanzu suka fito daga masallaci!

Bayan la'asar aka nuna saura maki talatin, kuma sai an fitar da mutum shida kafin a cinye su. Na yi lissafi da kaina na ƙwallon ƙafa: wannan ai ci uku da nema ne, saura minti biyar a tashi. Na dubi Tarik, na ga ya ƙanƙame wayarsa. Tausayinsa ya kama ni, haka na gaya wa kaina. Gaskiyar magana kuwa, so nake a ce ni na fara kai labari.

Na miƙe. Idanun mutum ashirin suka bi ni, ban kula ba. Na fita kan matakala, na kankare katin waya, na kira.

"Baba, ɗanka ne na Kano. Barka! Mun ci!"

Na ji muryarsa can ƙasa yana cewa alhamdu lillahi, yana faɗa wa wani na kusa da shi. Na dawo ciki ina baza kafaɗa, na ɗaga murya na ce wa mai shago, "Laoban, lemo ga kowa, ni zan biya!"

Ban gama zama ba ƙwallo ta dira a wata tsaga, ta kauce, ta watsar da sandunan da ke bayan ɗan bugun, aka fitar da shi. Na ce ba komai, saura mutum biyar. Wanda ya shigo bai yi minti uku ba ya fita. Daga nan abin ya zama jerin gwano, kowa ya shigo kansa a sunkuye, ya koma kansa a sunkuye. Zafin nan da na dogara da shi yana nan bai huce ba, gefe kawai ya sauya. Mai shago ya iso da tiren lemo ya tsaya a tsakiyar ɗaki, aka rasa mai miƙa hannu. Saura maki bakwai aka fitar da na ƙarshe.

Tarik ya goge fuska, ya ɗauki waya zai cika alkawari. Dole na buɗe baki.

"Tarik, na riga na kira Baba."

Ya dube ni. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. "Me ka ce masa?"

"Na ce mun ci."

Ya ajiye wayar a kan tebur, ya turo ta gabana da yatsa ɗaya. "To kai za ka gyara."

A gaban mutum ashirin na kira. Na ce, "Baba, ni ne. Na yi azarɓaɓi, ka yafe mini. An cinye mu."

Ya ja dogon numfashi. "Saura nawa lokacin da ka kira?"

"Talatin, Baba."

Sai na ji dariya haɗe da tari. "A rana ta biyar? Ɗana, ko saura uku ne ba a tashi daga kujera." Ya ɗan huta, ya ci gaba. "Na so in yi shakka, don ban ji ihun Tarik a bayanka ba. Amma na ƙi tambaya. Na sa an raba dabino a ɗakin nan, majinyata duk sun yi mini barka. Yanzu sai in san yadda zan yi da su. Ba ni ɗana."

Wannan ne wasan ƙarshe da aka ba shi labarinsa. Kafin zangon ya ƙare Allah ya karɓi abinsa. Tarik ya yafe mini, har yau muna zumunci, amma ni na san abin da na yi. Kira ɗaya yake da shi da zai yi wa mahaifinsa, na riga shi, na kuma ɓata shi. Wannan yana yi mini ciwo fiye da kunyar.

Yanzu sana'ata aika kaya ce daga tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Ko jirgi ya tsaya a Legas, in mai kaya ya bugo ya ce, "Alhaji, sun iso?" sai in ce tukuna, har sai na ji an sauke su a ƙofar shagonsa. Ana ce mini mai nauyin baki, na karɓa. In kuwa ana kallon wasa kuma namu suna gaba, ko fitsari ya matse ni, ba na tashi daga kujera.