Ruwan da Ya Tsinke Wasan Taɓarya

"…da ruwa kuma, Sitti? Sannu da ruwa, sannu da yoyon ɗaki!"

"Ruwa ya yi gyara, angona. Tsaya nan bakin ƙofa, kar ka jiƙa min tabarma. Kai, dubi mutum kamar kazar da ta faɗa randa!"

Yayana Yunus ke nan da kakarmu, Sitti Rumasa'u. In suka haɗu, wallahi ko tukunya ce a wuta sai ta ƙone, don ba mai iya tashi. A shekarar, bayan an gama babban yaƙin Turawa, Yunus ya zo hutu gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka daga Zaharan, inda yake yi wa Amurkawa masu haƙar man fetur girki. Tsarabar da ya kawo mana ita ce hula mai baki da wani wasa wai shi besbol: a jefo maka ƙwallo, ka maka ta da kulki, ka ruga da gudu. Ya koya wa samarin unguwarmu, ya koya wa na unguwar Misfala, har aka sa ranar karawa a filin raƙuma da ke bayan gidanmu. Don neman magana kuma, sai ya zaɓi ya jagoranci 'yan Misfala.

Saura sati uku a hau Arfa, shi kuma yana cewa ranar Asabar zai bi mota ya koma bakin aiki. Sitti ta so ya tsaya ya kai ta, don ƙafafunta sun fara ƙi. Roƙo kuwa ba ta iya ba, sai ta sa masa fare: in Misfala ta ci, ya tafi da albarkarta, in Hindawiyya ta ci, ya zauna sai bayan Hajji. Ana tsaka da wasa sai sama ta ɓalle da ruwa, irin wanda mukan shekara ba mu gani ba a Makka. Kowa ya watse, yara na tsalle cikin kwata suna ihu.

"Sitti, na zo ne in yi miki jaje. Farenki ya bi ruwa."

"Ka zo dai ka kawo min taɓaryata da ka sare ka yi kulki. Shekara talatin ina daka da ita, tun kana cin ƙasa."

"Ai ɗaukaka ta samu. A da gero take duka a ɓoye, yau unguwa biyu aka taru ana kallonta."

"Kallon me? Sau uku na ga ka kai duka ka sami iska. In haka kake juya tuwon Nasara, ai da yunwa suke kwana."

"Ke da ba kya gane ni sai na yi magana, ina kika hango ni daga kan soro?"

"Ƙafafun nan naka kamar na zalɓe, ko daga Dutsen Arfa zan gane su."

Ni dai ina gefe ina tara ruwan indararo a baho, dariya ta hana ni ɗagawa. Yunus ya matse hularsa, ya gyara murya kamar alƙali.

"Tayyib, ki saurara, tsohuwa. Wasan nan zagaye tara ne. A dokar masu shi, in ruwa ya tsinke shi ba a cika zagaye biyar ba, kamar ba a yi ba ne. Wanda ya sa fare, kowa ya ɗauki abinsa. Mu kuwa muna cikin na biyar ruwa ya sauko. Halas, shi ke nan! Babu ci, babu ciwa. Ke ki ɗauki carbinki, ni in ɗauki akwatina."

"Au, haka ne?"

"Haka ne. Kuma ma, ke da kike maƙwabciyar Ɗakin Allah, me ya haɗa ki da caca?"

"Rufe min baki, ja'iri! Ka ga kuɗi a tsakani? Wasan kaka da jika ne, tun kafin a haifi Nasaran da ya koya maka gudu a rana ake yinsa."

Sai ta ɗaga gefen tabarma. Ashe ƙwallayen dabino ta jera a ƙasa, kashi biyu, ga wasu kuma a gefe.

"Matso, mijin kwabo. Waɗannan na Hindawiyya ne, nawa ka gani?"

"Shida."

"Na 'yan Misfalarka fa?"

"Biyar. To, sai me? Da ruwa ya yi haƙuri kaɗan, da mun yi musu kaca-kaca."

"Da, da. Da ƙeya ce. Ga zagaye huɗu nan cif. A na biyar, wa ya fara duka?"

"Mu. Baƙi ke farawa, masu gida su rufe."

"Kun gama naku?"

"Mun… to, mun gama."

"Fili na wa?"

Nan Yunus ya fara sosa ƙeya. Ni kuwa na ajiye baho, don na gane inda aka dosa: fili na Hindawiyya ne, su ne masu gida. Sati biyu ke nan ba ma cin abincin rana lafiya a gidan nan: da an ajiye akushi sai ya fara wa'azin besbol, doka kaza, doka kaza. Mu duk mu gudu, Sitti kaɗai ke zama, idonta a rufe, muna cewa gyangyaɗi take.

"Ranar Laraba, bakinka cike da shinkafa, me ka ce? Ka ce in masu gida suna gaba, baƙi kuma sun gama dukansu na biyar, to ko ruwa ya zo wasa ya tsaya da ƙafarsa, don me za a sa mai nasara ya ƙara duka? Huɗu da rabi, in ji ka. Ko ba kai ba ne?"

"La haula! Ashe ba barci kike ba?"

"Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi."

"Wannan dokar ai… ta can ce, Sitti. Ba ta ƙetaro hamada ba."

"Ta ɗazu da ka karanta min a kan raƙumi ta zo, ta bar 'yar'uwarta a hanya? Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta. Baki shi ke yanka wuya, angona."

"Ni ban yarda da ruwan nan ba ma. Wata goma ba ɗigo, sai daidai lokacin da kuke gaba?"

"To ai tun zagaye na huɗu na ɗaga hannu nake roƙo. Ka manta a wane gari nake zaune?"

Yunus ya zube a ƙasa, ya riƙe ciki. Har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Da ya sarara, sai ya share hawayen dariya ya ce a hankali:

"Sitti, in na ƙara sati uku, za su iya ba wani aikina fa."

"Na sani." Ta tattara ƙwallayen dabinonta a tafi. "Kakanka ya taho da ni daga Kano a ƙafa, shekara shida muna hanya, muna noma a Sudan muna ƙara gaba. Tun da na iso garin nan ban taɓa fashin Arfa ba. Bana ƙafa ta ce ta gaji. Ina tsoro, Yunus. Ba na so a tsaya babu ni."

Ban taɓa jin ta kira sunansa ba sai ranar, kullum angona ne ko ja'iri. Na yi kamar ruwa ne ya shiga min ido.

"To, ya isa," in ji Yunus. "Kin ci. Girki ai ba ya ƙarewa a duniya. Zan kai ki Arfa, in kwana da ke a Muzdalifa, ko a baya ne in goya ki. Ai ba ki fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba."

"Da waɗannan ƙafafun? Allah ya kiyashe mu faɗuwa gaban alhazai. Ramlatu, miƙo min ƙunshin nan na kan akwati."

Na miƙo. Ta kwance, sai ga haramin kakanmu, fari fat, an wanke an ninke, yana ƙanshin turare.

"Ungo, na Arfa ne. Kar ka goge min wannan jiƙaƙƙen kan da shi."

Yunus ya juya shi, ya shinshina, ya dube ta.

"Sitti, yaushe kika wanke wannan?"

"Ranar Laraba, bayan ka gama wa'azi."

"Tun ba a yi wasan ba?"

"Yo, mutumin da ke dukan iska, ai ba sai an jira ruwa ba."