Shan Ruwan Bangui a Duwala

Ba zan taɓa mantawa da ranar farko ta azumin bara ba. Ko na yi niyyar mantawa ma, 'yan unguwarmu ba za su bar ni ba.

Kawuna Alhaji Sabo, ƙanin mamata, yana da shagon atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar da ke garinmu Bangui, kuma yakan je Duwala ta Kamaru ɗauko kaya. Ni kuwa ƙasar waje ɗaya na sani, Kwango, ita ma daga bakin kogi nake hango ta. Wata uku na yi ina bin Kawu da roƙo ya tafi da ni. Na share shago, na goge masa takalmi, har dariya nake yi wa labaransa da na ji sau ɗari.

"In tafi da kai ka yi min me?" in ji shi. "Ka cinye min guzuri?"

A nan na zaro wayata. Dama na shafe mako guda a rumfar wani mai gyaran waya a Titin Koudoukou ina sauke manhajojin matafiya. Na nuna masa taswirar da ke aiki ko babu intanet. Na nuna masa tafinta mai jin harsuna fiye da mutanen kasuwarmu gaba ɗaya. Ga ta kiran tasi, ga ta hasashen ruwan sama, ga ta alƙibla, ga kuma sarauniyarsu, mai kiran salla da murya kamar a Harami. (Lokacin da nake sauke wannan ta ƙarshen, ta nemi in bar ta ta riƙa gane garin da nake da kanta. Na ƙi, don an ce yana shan caji. Na rubuta mata Bangui da hannuna, na wuce ina jin kaina injiniya.)

Kawu ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Tafiya ɗaya. In ka yi amfani, kai ne abokin tafiyata daga yanzu. In ba ka yi ba, ka koma awon yadi har ka yi gemu."

Wayyo daɗi! Kafin la'asar babu wanda bai ji ba, daga masu canji har 'yan moto masu haya da babur. Na yi wa abokaina sallama kamar mai tafiya wata duniya. Mama ta ce, "Kai dai ka riƙa tambaya." Na ce, "Mama, tambaya ai ta mutanen da ce."

Mu huɗu muka tafi: ni, Kawu, da abokan kasuwancinsa biyu, Malam Idi mai kayan gini da Alhaji Ɗanjuma mai takalma. A hanya wayar a kashe take don tanadin caji, salla kuwa sai inda direba ya tsaya. Muka isa Duwala saura kwana biyu azumi, muka sauka gidan Alhaji Mamman, mai masaukin Kawu.

Ku zo ku ga aiki! Ranar farko wani ɗan Sin mai sayar da jakunkuna ya kasa gane Faransancin Kawu, na kafa wayata tsakaninsu, ciniki ya faɗa. Rana ta biyu na ce a rufe kaya da tampol, za a yi ruwa. Rana tana ƙwalla a lokacin, Malam Idi har da yi min dariya. Ba a yi awa ɗaya ba sama ta tsage. Kawu ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce, "Ɗan yayata ne wannan." Wallahi da ƙyar kaina ya shiga ƙofar ɗaki ran nan.

Sai aka ga wata. Tunda mako biyu za mu yi a garin, kowa ya ɗauki azumi.

Kun san azumin farko. Tun azahar cikina ya fara magana da Sango, yaren ƙasarmu, da la'asar ya koma Faransanci. Ga zafin Duwala mai narka mutum. Da yamma hadari ya haɗo, gari ya yi baƙi ƙirin, ruwa ya kece. Muna ɗakin baƙi, taga a rufe, ruwa yana dukan kwano yadda ko ladan zai tsaya a bakin ƙofa ba za mu ji shi ba. Alhaji Mamman ya fita kasuwa bai dawo ba, amma an riga an aiko mana da kayan buɗa-baki daga cikin gida: dabino, kunun gyaɗa, ƙosai, da wani soyayyen kifi da yake kallona ina kallonsa.

Can sai wayata, wadda sai bayan la'asar ɗin nan na kunna wa muryar kiran sallar, ta ɗauka: Allahu akbar, Allahu akbar.

Na daka tsalle. "An sha ruwa! Kawu, an sha ruwa!"

Malam Idi ya ce, "Anya? Mu dai jira mai gida."

"Haba Malam! Wannan fa tauraron ɗan'adam ne ya lissafa. Wa ya ce muku za a yi ruwa jiya?"

Kawu ya duba agogonsa. Shida saura biyar. Tun yana yaro a daidai wannan lokacin yake jin magariba daga Masallacin Koudoukou, kuma agogon Kamaru da namu ɗaya ne, ba mu canza komai ba a kan iyaka. Zuwansa Duwala kuwa, bai taɓa duba agogo don salla ba, ladan yake bi. Ya ce, "Daidai ne, Idi. Jinkirta buɗa-baki ba kyau. Bismillah."

Ni na raba dabinon da hannuna. Ni na zuba wa Malam Idi kunu, har ina cewa, "Sha, Malam, kada ka suma mana." Muka yi salla (alƙiblar dai daidai take, a rubuta min wannan), muka dawo muka zauna wa kifi.

Ina tsakiyar ƙosai na shida ƙofa ta buɗe. Alhaji Mamman ne, jiƙe sharkaf, riƙe da ledar lemu. Ya dube mu, ya dubi kwanuka, ya sake dubanmu.

"Alhaji Sabo, lafiya? Wani ne ba shi da lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Kawu, baki cike. "Zo ka sha ruwa."

"Wane ruwa? Da saura kwata!"

Ya taka ya buɗe taga. Ruwan ya tsagaita, hadari ya yaye ta yamma. Ga rana can ja wur a saman rufin mutane, tana zaune abinta, ko alamar sauri ba ta yi.

Alhaji Ɗanjuma ya tsaya da ƙashin kifi a hannu. Malam Idi ya ajiye kofi a hankali ya ce, "Innalillahi." Idanu shida suka juyo kaina, takwas da na mai gida. Na duba wayar. Ga shi nan a sama, da manyan baƙaƙe: Bangui.

"Kawu," na ce, "a gida dai an sha."

"A gida!" Ya miƙe tsaye. "Kwana uku muna cikin mota muna yin yamma, kai da tauraronka ba ku lura ba? Tun ina ɗan sha biyar ban taɓa ɓarar da azumi ba, sai yau, a hannun ɗan da aka yi sunansa ina riƙe da ragon!"

Muka zauna kwata guda cur, ciki cike, muna kallon Alhaji Mamman yana ƙarasa azuminsa shi kaɗai. Da ladanin gaskiya ya kira, ya ɗauki dabino ya miƙo min. "Malam ladan, an ba ni izini?"

Limamin unguwar ya ce kuskure ne, babu kaffara, amma sai mun rama. Labari kuwa ya riga mu isa gida. Muna sauka a Kilomita Biyar wani ɗan moto ya ƙwala min kira, "Ladanin Duwala, an sha ne ko da saura?" Bayan Salla, ranar da muka rama, Kawu ya zaunar da ni a shago kusa da mai suyan nama tun safe har yamma, wai in ji abin da ya ji.

Tafiyar da ta biyo baya, da Malam Idi kaɗai Kawu ya tafi. Ni ina nan ina awon yadi, gemun ma bai fito ba.

Manhajojin suna nan, ban goge ko ɗaya ba, kuma duk mai tafiya ina ba shi shawara ya sauke su. Sai dai ina ƙara masa da cewa: kana sauka a garin mutane, ka faɗa wa wayarka inda kuke. In kuma ga abinci a gabanka kana azumi, ka buɗe taga tukuna.