Ranar da Na Cika wa Kwamitin Kwamfuta Finjali

Jiya na yi abin da ubana bai taɓa yi ba, kuma ba na neman gafarar kowa. Na cika wa baƙi finjalin shayi har baki. Tun daga lokacin matata Oyniso take ajiye mini gurasa ba ta kallona, wai na zubar da mutuncin unguwa. To ku saurara, ku raba mu.

Kankana na fara nuna sai wasu manya suka sauka a gidan shayin Mamarasul da ke unguwarmu a nan Margilan. Kwamiti ne, an ɗora musu nauyin raɗa wa kayan kwamfuta da na intanet suna da harshenmu na Uzbek. Ni ban ƙi aikin ba. Wayar da ke aljihuna rabin maganarta Rashanci ne, rabi Turanci, abin da ya saura ko wanda ya ƙera ta bai san yaren ba. Abin da ba shi da suna a bakinka kuwa, baƙo ne a gidanka ko da kai ka saye shi.

Suka ce sun zo ne su ji daga bakin talaka. Allah ya saka musu da alheri, har suka tafi ba su wahalar da talaka ko ɗaya da tambaya ba. Gadon katakon da ke ƙarƙashin rumfar inabi, inda mu tsofaffi muke zama tun ba a haife su ba, shi suka haye suka jingina da matasai. Mai Girma Sarkin Kalmomi a tsakiya, Wazirin Haruffa a damansa, sauran fadawa kowa da jakarsa da yunwarsa.

Kankana ta ƙare, inabi ya nuna, rumman ya fashe, suna kan abu guda: ɗan abin nan mai wutsiya da ake ja da hannu a gefen kwamfuta. Waziri ya ce a kira shi ɗan ɓera yadda yaran gari suke yi. Sarki ya ce ba a zamaninsa za a ɗora ɓera kan teburin hukuma ba. Wani mai tabarau ya nemi a fara tantance ko abin namiji ne ko mace. Ana cikin haka sai a kawo shinkafa da naman rago, a ɗage zama sai gobe. Taron tsintsiya ba shara.

Ni abin da ya hana ni sukuni daban ne. Ranar Asabar ake ɗaurin auren jikata Gulchehra. A duk unguwar nan babu tukunyar da za ta ɗauki shinkafar safiyar biki, babu filin da zai ɗauki mazan da za su ci ta, sai na Mamarasul. Buhunan karas suna jingine a zaurena suna jiran masu yanka, rago yana ɗaure, dangin ango sun aiko sau biyu suna tambaya. Tukunyar kuwa kullum tana kan wuta, tana yi wa ɓera hidima.

Na samu Mamarasul a bayan murhu, na ce ya gaya musu su ba mu wuri. Ya dafe ƙirji ya ce, "Baba Ergash, baƙo ya fi uba girma. Da wane bakin zan faɗa?" Maƙwabcina Holmurod wanzami ya ba da shawarar a rage musu nama a hankali har su gane. Na ce masa mutumin da ya kasa gane ɓera a wata uku, ba ƙashi ne zai wayar da shi ba.

Sai na zauna ina kallon yadda Mamarasul yake zuba musu shayi. Ɗan kaɗan a gindin finjali, kai a sunkuye, hannu a ƙirji. Ko jaririn garin nan ya san ma'anar wannan: zauna, za a ƙara maka, ba mu gaji da kai ba. Ashe tun lokacin kankana butarsa ke roƙonsu kada su tafi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na karɓi butar. Na yi musu sallama da ladabi, na fara da Sarki, na zuba har shayin ya tsaya daidai leɓen finjali. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban manta da mai tabarau ba. Finjalinmu ba shi da mariƙi, in ya cika da mai zafi ba ya ɗaukuwa. Ma'anar cikakken finjali a garin nan ɗaya ce: tashi ka tafi.

Sarki ya dubi finjalin, ya dube ni, ya ce, "Baba, ko hannunka ne yake rawa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, hannun nan bai taɓa rawa ba."

Ikon Allah, nan take ilimi ya sauko musu. Sarki ya yi gyaran murya ya ce bayan dogon nazari kwamiti ya amince da ɗan ɓera. Kafin su gama sa takalma sun raɗa wa allon suna, sun raɗa wa madannan, Waziri yana rubutawa a tsaye da ƙafa ɗaya. Aikin da ya ci raguna ban san iyaka ba, shayi cikakke ya gama shi kafin ya huce.

Yanzu haka ana kankare tukunyar, gobe maza za su zo da wuƙaƙensu na yankan karas. Oyniso ta ce duk da haka abin kunya ne, na ce kunyar mara kunya asara ce. Ɗazu ma Sarki ya aiko a tambaya ƙarfe nawa za a sauke shinkafar bikin. Ya zo, ba na hana baƙo abinci.

An ce sun koma wani gidan shayi a hayin kasuwa, za su fara neman sunan intanet ɗin kanta. Mai gidan, in ji Holmurod, ya fi Mamarasul kunya. In yana da 'yar da zai aurar kafin dusar ƙanƙara, ya san ƙofar gidana. Hannuna lafiya lau yake.