Rasuwar Dattijo, da Sunan Wanda Ya Lulluɓe Shi da Bargo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci, Tamimu Harouna na unguwar Morrisania yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Dattijo, akwatin da ke fitar da sautin jitarsa. Ya cika ranar Lahadi bayan la'asar, yana da shekara arba'in da tara.

An ƙera marigayin a 1967, zamanin da makaɗin rock ke danna tsirkiya ɗaya, ya lanƙwasa ta, ya riƙe ta har ta yi kuka irin na mutum. Tarbiyyar da ya samu ke nan. In an kunna shi sai ya ja mintinsa biyu, fitilun cikinsa su yi ja, sannan ya ce "hmmmm," kamar kakan da aka tasa daga barcin rana ya kuma yafe. Ya ga mutanen shekarun saba'in, masu kiɗan da ba ya ƙarewa, ya yi haƙuri. Ya ga na casa'in, da suka mai da rashin iyawa salo, ya kau da kai. Tamimu ya same shi a hannun wani tsoho a unguwar Flatbush, a wurin Dattijo kuma ya gane cewa jitar bukukuwan Agadas da ta mutanen shekarun sittin dangin juna ne: duka sun san darajar shiru.

Abu ɗaya ne marigayin bai taɓa ƙauna ba: makaɗan shekarun tamanin, masu gashi buzu-buzu da yatsu kamar keken ɗinki, waɗanda ke zazzago sauti ɗari ba su faɗi komai ba. Almajirinsu kuwa ɗaki ɗaya yake kwana da Tamimu. Sunansa Kwabena. Shekara uku yana musu cewa gudu shi ne gwaninta, 'yan sittin kuma ragwaye ne da tarihi ya yi wa alfarma.

Ranar Lahadi Tamimu yana wurin aiki, Nimatu ta biyo ta kawo musu waakye, wato wake da shinkafa. Ita ce wadda Tamimu ya yi wata takwas yana shirya wa kiɗa guda, a hankali, domin walimar gama karatunta na jinya ranar Asabar mai zuwa. Kwabena ya sani sarai. Ya jona jitarsa a jikin Dattijo, ya murɗa kowane maɓalli har ƙurya, ya shiga gudunsa. Da maƙwabciya ta buga bango, wannan haziƙi bai rage sauti ba, sai ya lulluɓe Dattijo da bargo. Akwatin da ke numfashi ta baya! Marigayin ya ce "zzzt," ya ce "fuf," ɗakin ya cika da ƙaurin roba. An ce Nimatu ta tafa kafin hayaƙin ya fito. Tamimu bai yarda da wannan ruwayar ba.

Ya rasu ya bar jita ɗaya da ta zama bebiya, da igiyar lantarki mai tsawon ƙafa goma, da littattafai bakwai da suka rasa inda ake ɗora su. Maƙwabciyar ta aiko da ta'aziyya tana murmushi. An mayar mata.

Za a fitar da gawa ranar Asabar da hantsi zuwa inda ake karɓar matattun kayan lantarki. Shawarar Kwabena ta a yi jana'iza irin ta garinsu, da rawa da shi kansa yana kiɗa, iyali sun yi watsi da ita. Aikinsa ɗaya: shi zai sauko da mamacin a ka, bene biyar, shi kaɗai. Tunda gwanin sauri ne, a gani.

Da yamma, a walimar, Tamimu zai kaɗa abin da ya shirya da jitar haka nan, ba lantarki. Sautin ba zai wuce taku biyu ba. An ajiye kujera ɗaya a taku na farko.