Ranar Da Na Kashe Maigidana Da Baki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki. Kowa na tuna ta saboda siyasa, ni kuwa saboda abin kunyar da na tafka a lungunmu na Ɗan Agundi.

Ina amarya lokacin. Maigidana direban bas ne, ya kwashi 'yan siyasa zuwa Abuja bikin rantsuwa. Don kada kaɗaici ya ishe ni, Yaya Kabiru da ke jami'a ya kawo min kaset ɗin wani tsohon fim ɗin soyayya na Amurka, marar kala. Ya zauna yana zuba min tarihi: wai jarumin a da makaniki ne, jarumar ba ta ko gaisawa da daraktan, wai da fim ɗin ya fito mata har suma suka riƙa yi a silima. Na ce, "Yaya, Turawa dai ba su da aikin yi." (Ku riƙe wannan maganar, ni na faɗe ta da bakina.)

Da ya tafi, bayan azahar aka kawo wuta, na saka fim ɗin. Turancina na sakandare ne, amma na gane komai. A ƙarshe jarumar na tsaye a tashar jirgin ƙasa tana jira, shi kuma motarsa ta kife a hanya. Jama'a, na yi kuka har da majina.

Ina cikin haka Inna Mairo maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya.

"Amarya, lafiya?"

"Ya mutu, Inna! A hanya motar ta kife, bai ƙaraso ba!"

Ta dafe ƙirji, ta saki salati, ta fice ko rariyar ba ta ɗauka ba. Ni kuwa na wanke fuska, na mayar da kaset ɗin baya don in karanta sunan jarumin.

Kafin magariba sai ga mata sun cika tsakar gida suna kuka, a ƙofar gida ana shimfiɗa tabarmi. Aka shigo da Hajiya surukata a rirriƙe, ga ta da hawan jini. Wata ta rungume ni ta ce, "Sai haƙuri, Allah ya jiƙan Malam Sani."

Malam Sani maigidana! Na kurma ihu na zube. (E, ni ma na yarda. Na yi wa labarin da na ƙirƙira kuka fiye da kowa.)

Baba Liman ne ya tsaya daga zaure ya ce, "To wai wa ya kawo labarin? A wane gari abin ya faru?"

Aka shiga bin diddigi. Wannan ta ce daga waccan ta ji, waccan ta nuna Inna Mairo. Inna Mairo ta nuna ni.

"Ke kika ce min motar ta kife."

Kukan ya tsaya min cak. Na waiga ɗaki, ga talabijin can tana ta shuuu. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Inna... Baturen cikin fim nake nufi."

Hajiya ta ɗago ta dube ni. "Sani na nan da rai?"

"In sha Allahu, Hajiya."

Ta faɗi ta yi sujada. Da ta ɗago hawaye take, dariya take. "Allah ya shirye ki, 'yar nan. Shi Baturen Musulmi ne, ko mu naɗe tabarmi?"

Washegari maigida ya dawo lafiya lau, yana mamakin yadda tun daga bakin lungu tsofaffi ke shafa kansa. Da ya ji labari ya ce lallai sai ya ga wanda ya mutu a madadinsa. Ko rabi ba a kai ba ya fara minshari. Har yau abokansa Marigayi suke ce masa.

Ni dai na koyi darasi: in za ka yi kukan mutuwa, fara faɗin sunan mamacin da garinsu.