Rasuwar Kainuwa a Hawan Asibiti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu wanda ba sai na faɗi sunansa ba, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar motata, wadda duk layinmu ya sani da Kainuwa. Ta cika ne ranar Talata da hantsi, a tsakiyar hawan asibiti.

Marigayiya ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. In za ta tashi da safe sai ta yi kyar-kyar-kyar, ta yi tari, sannan ta ce gurrr, kowa ya san gari ya waye. Tun daga kwanar layi Inna ke jin salansarta ta ɗauki mayafi. Shekara da shekaru ita ke kai Inna ganin likitan ƙafa, Inna a kujerar gaba bisa matashinta, tana riƙe da ƙofar da ba ta rufuwa sosai, muna tafe tana ba ni labarin mutanen da suka mutu tun ban san kaina ba. Mu shida ta haifa, amma wannan tafiyar tawa ce ni kaɗai, kuma ina alfahari da ita.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar da autanmu ya shigo layi da motar lantarki. Yaron nan a cikin Kainuwa ya koyi tuƙi, shi ya cinye mata kuloci, amma ya zo ya ajiye wannan aba hanci da hanci da ita, ya zare igiya ya soka a bango kamar mai cajin waya. Mota ba sallama ba gyaran murya, sai dai ka juya ka gan ta a bayanka kamar munafuki. Ba mai, ba hayaƙi, ba bakanike. An ce wai ci gaba ke nan. Maƙwabtan da Kainuwa ta kai matansu haihuwa suka kewaye baƙuwa suna shafawa. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, har yau ma ina ji.

Masu yaɗa cewa tsere na yi da auta ran Talatar nan su ji tsoron Allah. Hanya ce ta haɗa mu. Muna cikin hawa a giya ta biyu, yadda bakanike ya yi mana wasiyya, sai auta ya wuce mu sul, har da ɗaga hannu. Inna ta bi shi da kallo, ta ce ashe akwai motar da ba ta girgiza wa mutum ƙashi. Ƙafata ce ta taka totur, ban aike ta ba. Kainuwa ta yi iya yinta. Ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba, lagireto ya tafasa, ta ce fat, fat, tsss. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Auta ya dawo da baya, shi ma ba a ji zuwansa ba. A gabana ya kama hannun Inna ya sa ta a tasa motar. Da kanta ta leƙo ta ce in miƙo mata matashinta.

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi huɗu, uku a cikinsu sun yi sanƙo, da jarkar ruwa, da dutsen da ake tokare ta da shi, da bakaniken da ya zama maraya, sai ni.

Za a yi mata rakiya ranar Litinin da safe, daga ƙofar gidana zuwa filin 'yan gwangwan. Masu zuwa gaisuwa su zo da ƙafa ko da abin hawa mai ƙara. Wanda ya san bakinsa zai suɓuce ya ce in yi haƙuri zamani ne, ya yi zamansa a gida, na yafe. An zaɓi Litinin ne saboda Talata Inna za ta koma ganin likita. Auta ya aiko a gaya mini in shirya da wuri in ina son raka su, wai akwai wuri a baya.