Yadda Za Ka Kama wa Surukinka Kifi a Kogin Panyu

Bi matakan nan, na lamunce maka yau kifi zai shiga gidanka. Ta wace hanya, wannan kuma wata magana ce.

1. Cika baki
Surukinka, Alhaji Sirajudeen, jikan masuntan Wudil, ya zo nan Chana, inda kake zaune, sarin kaya a kasuwar Shahe. Tun kana neman auren Maijidda yake maka kallon wanda bai iya komai ba sai danna waya. Ce masa ranar Lahadi kifin da ka kama da hannunka zai ci. Manta cewa ko tarwaɗa ba ka taɓa kamawa ba.

2. Yi karatu
Kifin da ake nema sunansa luyu, kamar ƙaramin giwan ruwa yake. Yana laɓewa bayan ginshiƙin gada, inda ruwa ba shi da ƙarfi, yana jiran gudun ruwa ya kawo masa ƙananan kifaye. Tunda ka karanta wannan a waya, ka zama gwani. Ɗauki ƙugiya da bokiti, sai gindin gada.

3. Kafe a wuri ɗaya
Kogin nan teku ke juya shi. Da safe ya yi kudu, can ya tsaya cik, da azahar ya juyo arewa. Kifi ya koma ɗaya gefen ginshiƙin, tsofaffin 'yan Chana su naɗe kujerunsu su bi shi. Kai zauna abinka. A Kano ka taɓa ganin kogi ya yi ribas? In wani tsoho ya leƙa bokitinka ya ce "Me yo?", wato babu, harare shi. Hassada ce.

4. Biya ta kasuwa
La'asar ta yi, bokiti ruwa zalla. Sayi luyu mai rai, miƙa wa mai kifin bokitinka ta saka da kanta. Rufe murfi, kada ka duba. Gwani ba ya duba bokiti.

5. Juye a gaban Alhaji
Durƙusa ka ce, "Baba, ga ɗan abin da Allah ya hore." Juye bokitin a tire. Sai yanzu za ka san matan kasuwar nan suna yi wa mai sayen kifi gyara da ganyen albasa da citta. Za ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. Alhaji zai ɗaga ganyen ya jujjuya.

"Ikon Allah! Maijidda, zo ki gani. Kogin Chana har kayan miya yake bayarwa."

Gargaɗi
Duk abin da ya biyo baya, babu hannuna. Ni ma ta kaina nake. Shekara uku ke nan, duk wanda zai taho daga Kano sai surukina ya aiko shi ya tambaye ni ko kogin ya fara ba da tumatir.